Wace bindigar ɗuri zan saya don farautar barewa a Ohayo da elk a Kolorado?

Wani ɗan'uwa mazaunin Kolombus, a jihar Ohayo ta Amurka, ya rubuto cewa abokan aikinsa sun ja ra'ayinsa zuwa farautar barewa, kuma yana so ya shiga kwanakin da jihar ke ware wa bindigar ɗuri a farkon Janairu. Ya leƙa shago ya tarar da su birjik, daga mai 'yan ɗaruruwan daloli har wadda ta haura dubu. Mai shago yana ta koɗa masa su, wannan tana cin albarushi giren 150 (giren shi ne ma'aunin albarushi da harsashi), waccan tana kai yadi 300. Yana kuma da burin wata rana ya je Kolorado farautar elk, wata babbar dabba dangin barewa. Tambayarsa ita ce, wacce zai saya?

Ɗan'uwa, amsar a taƙaice: nemi mai faɗin baki .50 (wato rabin inci), irin wadda ake karyawa a tsakiya, mai tashi da firaima 209 (ɗan ƙarfen da ke kunna albarushi), mai toshiyar gindi (ƙarfen da ke toshe ƙarshen bututu) da ake kwancewa da hannu, wadda kuma take da saitin ƙarfe a jikinta tare da wurin ɗaura madubin saiti. Matsakaiciyar kuɗi ta ishe ka. Abin da ya rage a aljihunka ka zuba shi a albarushi da harsashi da zuwa filin gwaji. Amma kada ka biya ko sisi sai ka karanta littafin dokar farauta na jihohin nan biyu, na shekarar da kake ciki, domin a wannan harka doka ce ke zaɓa maka rabin bindigar.

Idan ka taɓa ganin adaka a hannun mafarautan gida, to ka riga ka san asalin abin: a zuba albarushi ta baki, a tura harsashi da sanda, harbi ɗaya sai a sake ɗuri. Bambancin yana wajen yadda wuta ke isa ga albarushi. A tsofaffin bindigogi wutar tana tashi a gefe, sai ta yi kwana kafin ta shiga, ga shi ruwa da raɓa suna samun ta a fili. Wadda kake tambaya a kai, da Amurkawa ke kira inline, firaimarta tana zaune daidai bayan albarushin, wuta ta wuce kai tsaye ta wani ɗan rami. Tony Knight ne ya yaɗa wannan tsari da bindigarsa MK-85 a 1985. Daga baya aka koma amfani da firaima 209, wadda asalinta ta harsashin bindigar tsuntsaye ce, mai wuta da ƙarfi sosai. Cikin bututun kuma akwai murɗaɗɗun tsagogi masu sa harsashi ya riƙa juyawa, abin da adaka ba ta da shi. Saboda haka bindigar da za ka saya tana iya tara harsasai uku kusa da juna a yadi 100, ba kamar adaka ba.

Yanzu batun doka, inda na fi so ka natsu. Ohayo tana da sassauci. Bindigar ɗuri mai faɗin baki .38 zuwa sama ta halatta, kana iya ɗaura madubin saiti, kana iya amfani da curarren albarushi, kana iya harba harsashi mai rigar roba (wanda ke zaune cikin kofin roba). Kolorado kuwa a kakarta ta bindigar ɗuri, wadda ke zuwa a Satumba, ta hana duk ukun nan: ba madubi, ba curarren albarushi, ba rigar roba. Kuma elk sai da .50 zuwa sama. Ka ga ke nan idan ka sayi mai .45 saboda an ce maka ta fi nisa, ko ka sayi wadda aka ƙera ba saitin ƙarfe sai wurin madubi kaɗai, ka rufe wa kanka ƙofar Kolorado tun a shago. Wasu jihohin sun fi haka tsanani. Oregon da Aidaho sun daɗe suna neman bindigar da wurin tashin wutarta ke a buɗe, mai amfani da hular wuta irin ta da maimakon firaima 209, shi ya sa kamfanoni ke ƙera samfuri na musamman don arewa maso yammacin ƙasar. Fensilbaniya, maƙwabciyarka, tana da kaka bayan Kirsimeti da ba a yarda da komai ba sai mai ƙyastu. Niyu Meziko ta cire madubi daga farautar bindigar ɗuri tun 2023. Kalifoniya ta hana harsashin dalma a kowace irin farauta tun 2019. Dokokin nan suna sauyawa, don haka abin da abokin aikinka ya sani shekara biyar da suka wuce ba hujja ba ce gaban jami'in gandun daji.

Akwai kuma dokar saye. A dokar tarayya yawancin bindigogin ɗuri ba a lissafa su cikin makaman da sai an cika takardar binciken mai saye, amma ba duka ba. Thompson/Center Encore, wadda ake iya sauya mata bututu ta koma bindigar harsashi sosai, tana buƙatar takardar, haka ma Traditions NitroFire. Jihohi kamar Niyu Jazi da Ilinoi suna da nasu ƙa'idojin. In kuwa zamanka a ƙasar na biza ne, ba ɗan ƙasa ba ne kai kuma ba ka da katin zama na dindindin, tambayi lauya kafin ka taɓa kowace bindiga. Wannan ba wurin a yi kirdado ba ne.

Dalilin da ya sa na tsaya kan .50 bai tsaya ga Kolorado ba. Shi ne girman da kowane shago ke ajiye kayansa, daga harsashi har burushin wanki. Barewa mai farin wutsiya ta Ohayo, .45 ma tana kayar da ita lafiya lau. Amma namijin elk yana kai kilo 300 har ya wuce, wato ya kai gwanki ko ya ɗara shi, ga kaurin ƙashi da tsoka, kuma idan ya ji rauni yana iya yin tafiya mai nisa cikin tsauni. Irin wannan dabba tana son harsashi mai nauyi da zai ratsa, ba mai gudu kawai ba.

Dubi adadin murɗin tsagogin, ana rubuta shi a jikin akwati ko littafin bindigar. Yawancin masu .50 na zamani 1:28 ne, ma'ana harsashi yana cika juyi ɗaya a kowane inci 28. Wannan ya dace da harsashi mai rigar roba na giren 250 zuwa 300, ya kuma dace da yawancin harsasai marasa riga masu cika bututu da kansu da za ka buƙata a Kolorado. Murɗi mai sanyi kamar 1:66 na dunƙulen dalma ne, ba naka ba ne. Tsawon bututu kuwa, inci 24 zuwa 26 ya wadatar. Mai inci 28 ko 30 tana ƙara ɗan gudu, amma kai ne za ka saɓa ta a hawan tsauni.

Tsakanin wadda ake karyawa da mai sakata, na zaɓa maka ta farko saboda sauƙi. Ka danna maɓalli ta buɗe, ka sa firaima da yatsu, ka rufe. Ba ta da kayan ciki da yawa da hayaƙi zai shiga. Masu sakata irin na Knight bindigogi ne masu kyau da daidaito, sai dai wankinsu ya fi cin lokaci. Cikin masu karyawa akwai CVA Wolf da Optima da Accura, akwai Traditions Buckstalker da Pursuit da Vortek, dukkansu a Sifen ake ƙera su. Thompson/Center sun ɓace daga kasuwa na wasu shekaru bayan Smith & Wesson ta daina ƙera su a 2021, sun dawo ƙarƙashin sabon mai shi a 2024, kuma tsofaffin Omega da Triumph da Impact suna nan da yawa a hannun mutane. Ni da kaina, da za a ce in zaɓa maka, a matakin tsakiya zan tsaya, ajin Optima ko Pursuit, mai bututun da aka yi wa maganin tsatsa da ake kira nitride. Wannan ƙarin kuɗin ya cancanta, domin tsatsa ce ke kashe bindigar ɗuri, ba yawan harbi ba. Idan za ka sayi ta hannu, sai an kwance toshiyar gindi ka haska tocila ka leƙa bututun daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In ka ga ramuka-ramuka kusa da inda albarushi ke zama, ajiye ta. In toshiyar ta ƙi kwantuwa, ita ma ajiye ta.

Toshiyar gindin nan, ka ba ta muhimmanci fiye da launin bindiga da zanen ganye da aka yi mata. Ƙaramin ƙarfe ne mai zare, tsawonsa bai wuce yatsa ba, firaima na zama a bayansa, wuta na bi ta cikinsa. Duk wanki sai ka cire shi. A da sai da sifana ta musamman, in ka manta ba ka shafa wa zaren man hana kamewa ba, sai ka yi gumi kafin ya motsa. Na yanzu da yawa da yatsu ake murɗe su. A shago ka ce a ba ka ka kwance da hannunka ka mayar. Sannan ka ɗora bindigar a kafaɗa sanye da rigar sanyi mai kauri, irin wadda za ka sa a Janairu, ka ga ko idonka na faɗawa kan saiti ba tare da ka miƙa wuya ba. Ka gwada ɗana bindigar da safar hannu, domin idan an ɗaura madubi wurin yakan matse. Ka nemi izini ka ji nauyin kunamarta. Kunama mai tauri tana jan baki gefe daidai lokacin harbi.

Maganar giren 150 da mai shago ke yi, gaskiya ne yawancin bindigogin zamani an ƙera su su jure curi uku masu giren 50 kowanne. Jurewa daban, buƙata daban. Yawancin bindigogi sun fi daidaito tsakanin giren 90 da 110, kuma curi biyu da harsashi mai giren 250 sun kayar da barewar da ba ta ƙirguwa. Curi uku kuwa naushin kafaɗa suke ƙarawa sosai, gudun da suke ƙarawa bai kai naushin ba, wani ɓangaren albarushin ma a waje yake ƙonewa. Sabon maharbi da bindiga ta nausa sau biyar yakan fara runtse ido kafin ya ja kunama, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar bari.

Albarushin da kansa iri-iri ne. Akwai baƙin albarushi na asali kamar Goex da Swiss, mai saurin kama wuta, mai hayaƙi da datti. Akwai Pyrodex, wanda ya fito tun shekarun 1970. Akwai Triple Seven, wanda ya fi su ƙarfi, har kamfanin Hodgdon ke cewa a rage kashi 15 cikin ɗari idan ana son a daidaita garinsa da baƙin albarushi. Aibinsa shi ne yana barin wani ƙanƙararren zobe a cikin bututu daidai inda harsashi ke zama, sai ka goge tsakanin harbi da harbi. Sai Blackhorn 209, wanda ya fi tsabta, kana iya harbi da yawa ba ka goge ba, bai cika jan danshi ba, amma yana da tsada kuma wani lokaci yakan yi wuyar samu. Iyakarsa giren 120 ne a awon cika. Yana son firaima mai cikakken ƙarfi kamar CCI 209M ko Federal 209A, ba ya tashi da hular wuta ta da, kuma a bindigogin CVA da yawa sai ka sayi toshiyar gindi da aka yi dominsa. Tunda Kolorado na cikin lissafinka, shawarata ka fara da garin albarushi tun yanzu, ka saba da awo, maimakon ka saba da curi sannan ka koma koyo daga farko.

A nan akwai abin da ke rikita mutane har ya kai ga haɗari. Giren ɗin albarushi da ake faɗa a wannan harka awon mudu ne, ba awon sikeli ba. Ana aunawa da ɗan bututun awo mai lambobi. Giren 120 na Blackhorn a wannan ma'auni, in ka ɗora shi a sikeli, giren 84 ne kawai. Wanda ya auna 120 a sikeli ya zuba, ya wuce iyaka nesa ba kusa ba. Sannan albarushi marar hayaƙi, wanda ake cika harsashin bindigogin zamani da shi, kada ya kusanci bindigarka ko kaɗan. Yana tarwatsa bututu, ya tafi da yatsu ko ido. An taɓa yin Savage 10ML-II da aka ƙera musamman dominsa, an daina yin ta, kuma babu ɗaya cikin waɗanda na ambata maka da ke jure shi.

Harsashi kuma gida biyu ne. Mai rigar roba, wanda suke kira sabot, ƙaramin harsashi ne mai faɗin .45 ko kusa da haka, zaune cikin kofin roba da ke cika bututun .50, da ya fita baki sai robar ta faɗi. Hornady SST mai giren 250 da Barnes na jan ƙarfe mai 250 ko 290 suna cikin waɗanda aka fi sani, kuma sun dace da Ohayo. Gida na biyu shi ne mai cika bututu da kansa, irin su PowerBelt, Federal B.O.R. Lock, Thor, da manyan na dalma kamar Hornady Great Plains mai giren 385. Don elk, nemi mai nauyin giren 300 zuwa sama in na dalma ne, ko na jan ƙarfe wanda ba ya farfashewa a ƙashi. Bututun kowace bindiga yana da ɗan bambancin faɗi, ko da kamfani ɗaya ne, shi ya sa harsashin da ya yi wa abokinka daidai zai iya yi maka tsauri har ka kasa tura shi, ko ya yi sako-sako. Sayi iri biyu ko uku kaɗan-kaɗan, bindigar da kanta za ta nuna maka wanda take so.

Yadi 300 kuwa, akwai bindigogin da aka ƙera don haka, kamar CVA Paramount da Remington 700 Ultimate, masu cin albarushi da yawa, masu nauyi da tsada. Ba su ne na mai farawa ba. Ɗuri na yau da kullum yana fitar da harsashi a gudun ƙafa 1,600 zuwa 2,000 a daƙiƙa. In ka daidaita saiti a yadi 100, kafin ya kai 200 ya sauka wajen inci 10 ko fiye, iska kuma tana kaɗa shi sosai saboda gajere ne mai faɗi. A dazuzzukan Ohayo yawancin harbi bai kai yadi 100 ba. A Kolorado da saitin ƙarfe, ɗigon gaba yakan rufe kirjin elk gaba ɗaya idan ya yi nisa. Iyakarka ita ce nisan da kake iya sa kowane harsashi cikin farantin takarda, kana zaune ko durƙushe kamar yadda za ka yi a daji, ba a kan teburin filin gwaji ba. Harbi ɗaya gare ka, sake ɗuri kuma yana cin kusan rabin minti ko fiye da hannu mai sanyi, ga farin hayaƙi ya tare maka gani. Dabbar da aka raunata ta tsere ta mutu a wahale, alhaki ne a wuyan maharbi. Madubi mai ƙara girma sau 3 zuwa 9 ya isa Ohayo, amma ka tabbata yana da tazara mai kyau tsakaninsa da ido, saboda naushin bindigar kan dawo da shi kan gira.

Ga yadda ɗuri yake a aikace. Bindiga a buɗe, ba firaima, baki yana kallon sama nesa da fuskarka. Ka zuba albarushi daga gora zuwa ma'auni, daga ma'auni zuwa bututu, kada ka taɓa zubawa kai tsaye daga gorar, domin tartsatsi ɗaya da ya rage a ciki ya isa ya tayar da ita a hannunka. Ka fara tura harsashi da gajeren sanda, ka ƙarasa da dogon, a tura ɗaya mai ƙarfi har ka ji ya zauna daram kan albarushi. Kada a bar iska tsakaninsu, wannan ratar tana kumbura bututu ko ta fasa shi. Ranar farko da ka yi ɗuri daidai, ka yi wa sandar alama da wuƙa ko tef daidai bakin bindiga. Daga ranar, duk lokacin da alamar ta tsaya sama da baki, ko harsashi bai zauna ba, ko ka yi ɗuri biyu. Firaima ce ƙarshe, sai ka isa wurin zama. In ka ja kunama ba ta tashi ba, riƙe ta tana kallon gaba minti guda cur, domin wuta kan yi jinkiri. Kafin ka sake gwadawa, cire firaimar ka sake danna harsashin, don ta yiwu ya ɗan matsa.

Sanyin Janairu yana da nasa sharri. Bindigar da ta wuni a waje, in ka shigar da ita ɗaki mai ɗumi sai ta yi gumi, danshin ya sauka kan albarushi, gobe da safe ka ja kunama ka ji shiru. Cire firaima ka bar ta a wuri mai sanyi da ke kulle, ko ka kwance toshiya ka zubar da ɗurin. Ɗan tef na lantarki a baki yana tare ruwa da ƙanƙara, kuma ba ya taɓa daidaito. Wanki kuwa a ranar da ka yi harbi ake yin sa, ba a kwana. Baƙin albarushi da Pyrodex da Triple Seven da ruwa ko maganin wanki mai ruwa ake wanke su, Blackhorn kuma da mai narkarwa irin na sauran bindigogi. Ka jiƙa toshiyar, ka goge zarenta da burushi, ka ɗaga ta ka duba haske ta cikin ramin. Ramin yakan cushe da baƙin dattin firaima mai tauri, ana kankare shi da bakin abin huda ƙarfe mai girman da littafin bindigar ya faɗa, a juya da yatsu kawai, ba da inji ba. Bututu ya bushe sarai, a shafa mai kaɗan, a goge man kafin ɗuri na gaba.

Kafin Janairu kana buƙatar kwas ɗin koyar da mafarauta ko lasisin ɗan koyo, da lasisin farauta, da takardar izinin barewa, da riga mai launin lemo mai haske wadda doka ta wajabta a kwanakin bindiga. In Musulmi ne kai, ka yi bismillah lokacin jan kunama, in ka iske dabbar da sauran rai ka yanka ta, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugunka.

Kolorado kuma ba a tashi kawai a tafi. Lasisin elk na kakar bindigar ɗuri ƙuri'a ake yi, ana rufe karɓar takardu a farkon Afrilu, wasu yankunan sai mutum ya tara maki na shekaru. In burin na gaske ne, fara nema tun bana. Watanni kafin tafiya ka cire madubi, ka koma saitin ƙarfe da harsashi mai cika bututu, ka sake daidaita bindigar daga farko, domin inda wancan ke faɗawa ba nan wannan zai faɗa ba. Idan da jirgi za ka tafi, bindigar tana iya shiga cikin kaya a akwati mai tauri da kwaɗo bayan ka sanar da kamfanin jirgin, amma albarushi da firaima ba sa hawa jirgi ko kaɗan. Ko dai ka bi hanya da mota, ko ka kira wani shago a can tun da wuri ya ajiye maka irin wanda ka saba da shi.